Yadda Ake Kula da Kare Bayan Fiɗiya: Bayani ga Masu Karnuka da Jami'an Ƙananan Hukumomi a Kudancin Birnin Kaduna

Gabatarwa

Duk wanda ya san unguwannin da ke ƙetaren kogin Kaduna ta kudu ya san cewa kare yana da aiki a gidaje masu yawa. Tun daga Kakuri, Makera, Barnawa da Television a ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, har zuwa Narayi, Sabon Tasha, Unguwar Romi da Gonin Gora a ƙaramar hukumar Chikun, da ƙauyukan da ke kan hanyar Kujama, ana ajiye kare domin gadin gida, ko tsaron gona da garken dabbobi, ko kuma farauta. Wasu daga cikin masu waɗannan karnuka sukan kai su wurin likitan dabbobi a yi musu fiɗiya, domin rage yawon dare da faɗa da kuma yawan 'yan kwikwiyon da ba a da halin ciyarwa.

Aikin likita a kan teburin tiyata ba ya wuce ɗan lokaci kaɗan. Sauran aikin kuwa, wato warkewar raunin, yana hannun mai kare ne har tsawon kwana 10 zuwa 14. A cikin waɗannan kwanaki ne ake samun mafi yawan matsaloli, kuma galibi dalilinsu ɗaya ne: kare yakan warware ya fara tsalle-tsalle tun kwana biyu ko uku bayan aiki, sai mai shi ya ɗauka ya warke ya sake shi. An shirya wannan bayani ne domin jama'a su san abin da ke faruwa a jikin kare a wannan lokaci, da irin motsin da ya dace da kowane mataki, da kuma abin da za a sa rai a halinsa bayan ya warke.

Mece ce fiɗiya, kuma wa ya kamata ya yi ta?

Fiɗiya tiyata ce da ake yi wa dabba domin a hana ta haihuwa. Ga kare namiji, likita yakan yi ƙaramin yanka a gaban jakar maraina ya fitar da 'ya'yan marainan biyu, ya ɗaure jijiyoyin jini, sa'an nan ya ɗinke. Ga karya kuwa aikin ya fi girma, domin sai an buɗe ciki an cire ƙwayayen haihuwa, galibi tare da mahaifa, sa'an nan a ɗinke tsokar ciki da fata hawa-hawa. Saboda haka karya ta fi namiji buƙatar hutu da sa ido. A duka biyun sai an yi wa dabbar allurar barci yadda ba za ta ji komai ba har a gama.

Mutanen karkara sun saba da dandaƙar bunsuru da ɗan maraƙi, ko da ƙarfen matse jijiya ko da zoben roba. Ya kamata a sani cewa waɗannan hanyoyi ba su dace da kare ba ko kaɗan. Ɗaure marainan kare da roba ko zare yana jawo azaba mai tsanani da ruɓewar nama, karen kuma yakan ciccije wurin har jini ya ɓalle. Haka nan yanka da aska ko reza a gida ba tare da allurar barci da ɗaure jijiya ba yana iya kashe kare a rana ɗaya. Likitan dabbobi mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya shi ne ya cancanci yin wannan aiki. Ana samun irin waɗannan likitoci a asibitocin dabbobi na gwamnati da na masu zaman kansu a cikin birnin Kaduna, idan kuma larura ta yi girma akwai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Game da shekarun da suka dace, likita ne zai yanke shawara bisa girman kare da irinsa. An saba yi wa ƙananan karnuka tun suna kimanin wata shida. Amma binciken da aka wallafa daga Jami'ar Kalifoniya ta Dabis a Amurka a shekarar 2013 da 2020 ya nuna cewa wasu manyan irin karnuka, ciki har da karen makiyayan Jamus wanda ake yawan ajiyewa domin gadi, sun fi fuskantar ciwon gaɓoɓi idan aka yi musu fiɗiya kafin ƙashinsu ya gama girma. Don haka mai irin wannan kare ya tambayi likita kafin ya sa rana.

Shiri kafin ranar aiki

Tun ran gini tun ran zane. Wanda ya shirya wurin jinya kafin ya kai karensa asibiti ya rage wa kansa rabin wahala. A tanadi ɗaki ko keji mai inuwa da iska, wanda ƙasansa busasshe ne, na siminti idan da hali. A share shi a shimfiɗa tsohon zane mai tsabta ko buhu ko kwali. A raba wurin da sauran karnuka da akuyoyi da kaji, a kuma gargaɗi yara kada su je wasa da shi.

Likita zai faɗi lokacin da za a dakatar da abinci kafin aiki, galibi tun daga daren jajibiri. Kada a saɓa wannan umurni saboda tausayi, domin kare mai cikakken ciki yana iya yin amai yana cikin barcin allura, aman ya shiga huhunsa. A sanar da likita idan karen yana fama da kaska, ko ya rame, ko dasashinsa ya yi fari, domin cututtukan da kaska ke yaɗawa suna rage jini kuma suna hana shi daskarewa da wuri. Idan karya ce, a faɗa masa lokacin da ta yi jinin barbara na ƙarshe. Likitoci sun fi son a jira wata biyu zuwa uku bayan wannan lokaci, saboda jijiyoyin mahaifa suna cike da jini a kwanakin barbara.

A ƙarshe, mai gida ya yi tunanin wanda zai riƙe gadin gidansa na mako biyu. Wannan batu ne da mutane da yawa ba sa lissafawa, alhali shi ne ke sa a saki kare kafin lokaci.

Yadda rauni yake warkewa

Rauni yana bin matakai uku kafin ya warke. A kwana uku na farko jiki yana aika jini da ƙwayoyin kariya zuwa wurin, shi ya sa ake ganin ɗan ja da ɗan kumburi da ɗumi. A wannan lokaci babu abin da ke riƙe da bakin raunin sai zaren ɗinki kaɗai. Daga wajen kwana na huɗu sabon nama yake fara tsirowa yana haɗa ɓangarorin biyu, kuma yakan kai kwana 10 zuwa 14 kafin fata ta haɗe sosai har a iya cire zare. Mataki na uku shi ne ƙarfafar tabo, wanda ke ɗaukar makonni har watanni. Masana tiyata sun auna cewa bayan mako uku fatar da aka ɗinke ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinta na asali ba.

A nan ne haɗarin yake. Ƙarfin jikin kare yana dawowa kafin ƙarfin rauninsa. Maganin barci yakan fita daga jikinsa cikin kwana ɗaya ko biyu, maganin rage zafi kuma yana ɓoye masa ciwo, sai ya miƙe yana kaɗa jela yana neman fita, alhali kwana na uku zuwa na biyar shi ne lokacin da ɗinki ya fi saurin tsinkewa. Tsalle ɗaya a kan katanga ko kokawa da wani kare ya isa ya ɓalle jijiyar da aka ɗaure, jini ya taru a jakar maraina ta kumbura. Ga karya kuwa ɗinkin tsokar ciki yana iya buɗewa a ƙarƙashin fata, kayan ciki su turo, wanda hakan yana buƙatar sabuwar tiyata cikin gaggawa.

Motsin da ya dace a kowane mataki

Ranar farko. Kare zai dawo gida yana layi kamar mai maye, idanunsa a lumshe, wataƙila yana rawar jiki ko ɗan kuka. Wannan duk aikin allurar barci ne. Kada a ɗauko shi a kan babur. A nemi Keke Napep ko mota, a kwantar da shi a kan shimfiɗa. Idan an isa gida a kai shi wurin da aka tanada a bar shi ya huta. Idan ya farfaɗo sosai a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, da yamma kuma a ba shi rabin abincin da ya saba ci, mai laushi, ba ƙashi. In bai ci ba a wannan rana babu damuwa. Ba a fita da shi sai domin fitsari da bayan gida, a igiya, a dawo nan take. A yi hattara wajen taɓa shi, domin kare mai jin ciwo yana iya cizon ko da ubangidansa.

Kwana na 2 zuwa na 3. Yawancin karnuka sukan koma cin abinci su fara neman wasa. A ci gaba da tsare shi. A fita da shi a gajeriyar igiya sau uku ko huɗu a rana, minti biyar kacal kowace fita, a cikin gida ko a bakin ƙofa inda ƙasa ta bushe. Babu gudu, babu tsalle, babu hawa matakala ko tarin bulo ko bayan mota.

Kwana na 4 zuwa na 10. Wannan shi ne lokacin da haƙurin mai kare ke fuskantar gwaji. Karen zai yi haushi, zai ja sarƙa, zai yi ta haƙar ƙasa. Idan wurin ɗinki ya bushe kuma babu kumburi, ana iya ƙara tsawon tafiyar zuwa minti 10 sannu a hankali, da sassafe ko da yamma, kullum a igiya. Ga karya a tsaya a gajeriyar fita har sai likita ya duba ta. Domin rage masa gundura a riƙa zama kusa da shi ana yi masa magana, a raba abincinsa gida uku ko huɗu a yini, a ba shi abin taunawa wanda ba ya fashewa. Idan kare ne mai tsananin ƙiriniya da ba ya zama wuri ɗaya, a gaya wa likita, domin akwai maganin kwantar da hankali da yake iya rubutawa.

Kwana na 10 zuwa na 14. A mayar da kare asibiti a ranar da likita ya sa. Idan zaren waje ne za a cire shi. Idan kuwa irin zaren da ke narkewa a cikin jiki ne, duk da haka a kai shi a duba. Kada mai kare ya cire zare da kansa.

Bayan mako biyu. Idan likita ya sallame shi, a mayar da shi ga aikinsa mataki-mataki cikin mako guda ko biyu: tafiya mai nisa da farko, sa'an nan a sake shi a tsakar gida, sa'an nan gudu. Karnukan farauta da masu bin garke zuwa daji su dakata har wajen mako huɗu, musamman karya, domin tsokar ciki ta fi fata jinkirin yin ƙarfi. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai al'adar da ta zama ruwan dare a gidajen wannan yanki, wato a ɗaure kare da rana a sake shi da dare. A kwanakin jinya dole a dakatar da wannan. Dare ɗaya ya isa kare ya tsallake katanga, ya shiga kwata, ya yi birgima a bola, ya gamu da wasu karnuka a yi faɗa. Haka kuma ɗaure shi da doguwar sarƙa ba hutu ba ne, domin da ya hango baƙo zai zabura da gudu sarƙar ta fizge shi. Ɗaki ko keji ya fi, in babu to gajeriyar igiya a inuwa inda ba ya ganin masu wucewa.

Tsaron wurin ɗinki

Mutane da yawa sun yi imani cewa yawun kare magani ne, don haka sukan bar shi ya lashe rauninsa. Ga raunin tiyata wannan kuskure ne babba. Bakin kare cike yake da ƙwayoyin cuta, harshensa yana jiƙa wurin ya hana shi bushewa, haƙoransa kuma suna iya tsinke zare cikin 'yan mintoci. Likitoci suna sa wa kare wani abin wuya na roba mai siffar mazurari wanda ke hana bakinsa kaiwa ga raunin. Idan ba a samu ba, ana iya yanke gindin bokitin roba mara nauyi, a goge kaifin bakin a naɗe shi da tsumma, a huda ramuka a ɗaure shi a jikin abin wuyan karen. Bakin bokitin ya ɗan wuce tsinin hancinsa, kuma yatsu biyu su iya shiga tsakanin ɗaurin da wuya. A bar masa shi dare da rana har a cire zare. Zai saba cikin kwana ɗaya ko biyu.

Kada a yi wa kare wanka, kada a bar shi ya shiga rafi ko kududdufi ko ruwan sama har sai likita ya yarda. Kada a shafa baƙin mai, ko toka, ko ƙasa, ko kananzir, ko maganin kaska a wurin. Abin da likita ya bayar kaɗai za a sa. A duba raunin sau biyu a rana cikin haske, da hannu wankakke.

Yanayin shekara ma yana da tasiri. A damina, wato daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, ƙuda ya fi yawa, kuma akwai irin ƙudan da ke yin ƙwai a bakin rauni, cikin kwana ɗaya ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa ta shiga cin nama. Akwai kuma wanda ke yin ƙwai a ƙasar da fitsari ya ɓata, tsutsarsa ta huda fatar karen da ya kwanta a wurin. Saboda haka a riƙa kwashe kashi, a canja shimfiɗa kullum, a rufe tagar ɗakin da raga ko tsohon gidan sauro. A lokacin hunturu a kare shi daga sanyin dare, musamman a daren farko, domin allurar barci tana saukar da ɗumin jiki. A zafin bazara na Maris da Afrilu kuwa kada a kulle shi a ɗakin kwano mara iska, kuma ruwan sha kada ya yanke.

Game da magunguna, a ba shi abin da likita ya rubuta a kan lokaci har ya ƙare. Kada a sayo masa maganin ciwon jiki na mutane a kemis. Ibufurofen da dikulofinak suna huda cikin kare su lalata ƙodarsa, farasitamol kuma idan ya wuce kima yana lalata hanta da jini.

Alamomin da ke buƙatar komawa asibiti nan take

1. Jini yana ɗiga daga raunin bai tsaya ba bayan an danne da tsumma mai tsabta na 'yan mintoci.
2. Dasashi ya yi fari, karen ya kasa tsayuwa, ko cikinsa yana kumbura.
3. Bakin raunin ya buɗe, ko wani nama ya leƙo. A rufe da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da tafasasshen ruwan da ya huce, a tafi asibiti. Kada a yi ƙoƙarin tura shi ciki.
4. Mugunya, ko wari, ko tsutsa a wurin.
5. Jakar maraina ta kumbura ƙwarai, ta yi zafi, kuma kumburin yana ƙaruwa.
6. Amai ko zawo da ya ƙi tsayawa, ko ƙin abinci fiye da kwana biyu, ko rashin fitsari na yini guda cur.

Ɗan kumburi mara zafi da ɗan ja a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Haka nan rashin bayan gida na kwana ɗaya ko biyu, tunda karen ya yi azumi kafin aiki.

Shin fiɗiya tana kashe wa kare kuzari?

Wannan ita ce tambayar da masu karnukan gadi da mafarauta suka fi yi. Abin da fiɗiya ke ragewa shi ne halayen da ke da nasaba da neman barbara. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 1976 ya gano cewa yawon neman karya ya ragu a wajen kashi 90 cikin 100 na karnukan da aka bibiya, faɗa tsakanin maza da yawan fitsarin sa alama su ma sun ragu a kusan rabi ko fiye. Binciken da ya biyo baya a 1997 bai ga wani canji na a-zo-a-gani ba a zafin da kare ke nuna wa mutumin da bai sani ba. Ma'ana, kare mai gadi zai ci gaba da gadi, kuma jin ƙanshi da ji da gudu, waɗanda mafarauci ke dogaro da su, suna nan yadda suke. Hasali ma karen da ya daina bin karya yakan fi kwana a gida, kuma ya fi tsira daga motocin da ke gudu a kan hanyar Abuja da hanyar Kachia.

Haka kuma kada a ɗauki fiɗiya a matsayin maganin kowane mugun hali. Karen da ke cizo saboda tsoro, ko saboda an saba dukansa, ko don an ɗaure shi shekara da shekaru ba ya cuɗanya da kowa, ba zai gyaru da tiyata ba. Wannan yana buƙatar horo da kyakkyawar mu'amala.

Canjin ba ya zuwa a rana ɗaya. Sinadarin namijintaka yana raguwa, amma halin da kare ya saba yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya lafa, kuma a jikin tsohon kare wani ba ya gushewa gaba ɗaya. Abu mai muhimmanci: namiji yana iya yi wa karya ciki har zuwa mako shida bayan fiɗiya, saboda sauran iri da ke cikin magudanarsa. A raba shi da karya har wannan lokaci ya wuce.

Inda ake ganin kasala kuwa, galibi ƙiba ce ta jawo ta. Bayan fiɗiya jikin kare yana buƙatar abinci ƙasa da na da, yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu, alhali sha'awar cin tana ƙaruwa. Idan aka ci gaba da zuba masa ragowar tuwo da shinkafa da kitse kamar da, zai yi teɓa, gaɓoɓinsa su yi nauyi, sai a ce fiɗiya ce ta mayar da shi rago. Ma'aunin mai sauƙi ne: a shafa gefen ƙirjinsa. Idan ana jin haƙarƙari a ƙarƙashin tafin hannu ba tare da an danna ba, kuma ƙugunsa ya ɗan shiga idan an dube shi daga sama, to jikinsa daidai yake. Idan ba a ji, a rage abinci a ƙara tafiya.

Ta fuskar lafiya, fiɗiya tana kawar da ciwon dajin maraina, tana rage kumburin gindin mafitsara ga tsofaffin maza, tana kare karya daga ruɓewar mahaifa wadda ke kisa. Tana kuma rage yaɗuwar wani ƙari mai zubar da jini da karnuka ke ɗauka a al'aura ta hanyar barbara, wanda likitoci ke yawan gani a jikin karnukan da ke yawo sakaka.

Abin da ya shafi jami'ai da shugabannin al'umma

Batun karnuka ya wuce gida ɗaya. Karya takan nemi barbara galibi sau biyu a shekara, cikinta kuma kwana 63 ne ko kusa da haka, tana iya haifar 'yan kwikwiyo shida ko fiye a lokaci guda. Waɗanda ba a samu mai karɓa ba su ne ke ƙarewa a bola da bakin mahauta da bayan kasuwa, ba mai ciyar da su, ba mai yi musu allura. Irin waɗannan ne ke riƙe da ciwon haukan kare a cikin al'umma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A shekarar 2018 hukumar da takwarorinta suka ƙaddamar da shirin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga wannan cuta nan da 2030.

Ya kamata jami'ai su fahimtar da jama'a cewa fiɗiya ba ta maye gurbin allurar rigakafi. Allurar ce ke tsayar da cutar, kuma masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki, yaɗuwarta takan yanke. Fiɗiya tana taimakawa ne ta hanyar rage sababbin 'yan kwikwiyo marasa allura da rage yawo da faɗa. Ana fara yi wa kwikwiyo allurar tun yana wata uku, a kuma sabunta kowace shekara. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu samar da wannan rigakafi a ƙasar nan. Ranar da aka kai kare fiɗiya dama ce ta duba katin allurarsa.

Ana kira ga jami'an gona da na lafiyar dabbobi, da ma'aikatan tsabtar muhalli, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta da 'yan sintiri, su taimaka ta waɗannan hanyoyi:

1. Su hana masu yi wa karnuka yanka ko ɗauri a gida, su nuna wa jama'a inda likita mai rajista yake.
2. Duk inda aka shirya gangamin fiɗiya, a tabbatar kowane mai kare ya tafi da bayanin jinya cikin harshen da yake ji, da ranar dawowa, da lambar da zai kira idan matsala ta taso.
3. Karen da ba shi da mai shi kada a sake shi a titi da ɗanyen ɗinki. A tanadi wurin tsare shi har likita ya gamsu.
4. A yi amfani da ranar 28 ga Satumba, wadda duniya ke tunawa da yaƙi da ciwon haukan kare, wajen wayar da kai a makarantu da kasuwanni da wuraren ibada.
5. A koya wa kowa cewa wanda kare ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, a kuma tsare karen a sa masa ido na kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi.

Kammalawa

Wanda ya ajiye dabba ya ɗauki nauyinta. Kare da ke kwana a farke domin mutanen gida su yi barci ya cancanci a ba shi hutun mako biyu idan an yi masa aiki. A tsare shi a wuri busasshe, a fita da shi a igiya kaɗai, a hana shi lasar rauni, a ba shi maganin likita, a mayar da shi asibiti a ranar da aka sa, sa'an nan a dawo da shi bakin aiki sannu a hankali tare da daidaita abincinsa. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsa ko asibitin dabbobi mafi kusa da shi.